Babi na Biyar: Jar Ƙwallo a Filin Makaranta

Amurkawa suna alfahari da besbol, suna kiransa wasan ƙasa, amma wasan ba ya raga wa ƙaramin yaro ko kaɗan. Ƙwallonsa ƙarama ce, a tafin hannu take zama, nauyinta wajen giram 145, fata ce aka ɗinke a kan zaren da aka naɗe tam, ga tauri. Wani zai tsaya ya jefo ta da iyakar ƙarfinsa, kai kuma an miƙa maka mulmulalliyar sanda an ce ka same ta a iska. A cikin ƙwararrun da ake biya miliyoyin daloli, wanda ya buga ya tsira sau uku cikin goma gwani ne. Ted Williams na ƙungiyar Boston Red Sox ya haura sau huɗu cikin goma a 1941, kuma har yau ana ba da labarin. To ina ga yarinya 'yar shekara shida da ko riƙon sandar ba ta iya ba? Sai ta yi ta sarar iska har a ce ta koma gefe. Ga kuma tsada: sanda, safar hannu ta fata ga kowane mai tsaro, da filin da ba za a fasa gilashin tagar kowa ba.

Kikbol maganin wannan matsala ne. An bar tsarin besbol yadda yake, aka ɗauke sanda, aka ɗauke ƙaramar ƙwallon nan mai tauri, aka kawo babba mai laushi, aka ce a buga da ƙafa. Shi ke nan. Yaron da ya iya tafiya ya iya shuri, wanda ya iya shuri kuwa ya shiga wasa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, tashoshi huɗu ake sa wa alama a ƙasa, a kusurwoyi huɗu: gida, sai tasha ta ɗaya, ta biyu da ta uku. Ƙungiya ɗaya ta yi layi a bayan gida tana jiran bugu, ɗayar kuma ta bazu a fili tana tsaro. Mutum ɗaya daga masu tsaro ya tsaya a tsakiya ya gangaro ƙwallo a ƙasa zuwa gida. Mai bugu ya taho da gudu ya narka mata ƙafa, ya zura zuwa tasha ta ɗaya da ke hannunsa na dama. Idan aka cafe ƙwallon a sama kafin ta taɓa ƙasa, ya mutu. Idan ta riga shi isa tashar a hannun mai tsaro, ya mutu. Idan aka taɓa shi da ita, ko aka jefe shi da ita yana tsakanin tasha da tasha, nan ma ya mutu. In ya tsira sai ya tsaya a tasharsa ya jira na bayansa ya buga, shi kuma ya ƙara gaba. Duk wanda ya kewayo ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa ɗaya. Da zarar mutum uku sun mutu sai a yi musanya, masu tsaro su zo bugu.

Yawancin wasannin yara ba a san wanda ya fara su ba. Wannan kuwa manya ne suka zauna suka tsara shi, kuma da manufa. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, biranen Amurka sun cika sun batse da baƙi daga Italiya, Rasha, Poland da sauran sassan Turai. A 1907 kaɗai fiye da mutum miliyan ɗaya suka shigo ta tsibirin Ellis da ke bakin New York. Iyalai suna cunkushe a ɗakunan haya, yara ba su da wurin wasa sai titi, titin kuma na kekunan doki ne da tarago, daga baya motoci suka zo suna take su. 'Yan sanda har kama yara suke yi a kan buga ƙwallo a hanya. Daga nan wasu masu kishin gyaran al'umma suka taso da kiran a keɓe wa yara filaye. An fara da tarin yashi a Boston a tsakiyar shekarun 1880, bayan wata likita, Marie Zakrzewska, ta ga irinsa a Berlin. A 1906 aka kafa ƙungiyar filayen wasan yara ta ƙasa baki ɗaya, Luther Gulick ne shugabanta, Jane Addams ta Chicago tana cikin jagororinta, shugaban ƙasa Theodore Roosevelt kuma ya karɓi shugabancin girmamawa.

Waɗannan mutane ba su yarda a buɗe fili a saki yara kawai ba. A ganinsu dole a sa malami mai busa usur, ya tsara wasa, ya koya wa 'ya'yan baƙi bin doka da aiki tare. Zamani ne na ƙirƙiro wasanni a kan takarda. Gulick ɗin nan shi ne ya sa James Naismith ya nemo wasan da za a yi a cikin ɗaki lokacin sanyi, aka samu ƙwallon kwando a 1891. Ƙwallon raga ta biyo baya a 1895. A cikin wannan yanayi ne wani malamin motsa jiki, Emmett Angell, ya bayyana besbol na ƙafa a littafinsa na wasanni a 1910. Sai kuma a 1917 Nicholas Seuss, mai kula da filayen wasan yara na birnin Cincinnati a jihar Ohio, ya fitar da dokoki goma sha biyu da zanen fili, kuma shi ne aka fi jingina wa wasan. Ba mamaki a ce daga Cincinnati ya fito, domin garin besbol ne tun asali: nan aka samu ƙungiyar farko da ta fito fili tana biyan duk 'yan wasanta albashi, a 1869.

Wasan da malamai suke koyarwa a farkon shekarun 1920 ya ɗan bambanta da na yau. Babu mai gangarowa, ajiye ƙwallon ake yi a ƙasa a buga. Da ƙwallon ƙafa ko ta raga ake amfani. Yara goma har zuwa talatin suna iya shiga, kuma ba a musanya sai kowa a ƙungiya ya buga. Wannan doka ta ƙarshe tana nuna abin da ke ran malaman. Suna da aji guda cike da yara, maza da mata, ƙarfafa da raunana, suna son kowa ya samu rabonsa kafin a kaɗa ƙararrawa.

Abin da ya ba wasan kamanninsa na yau ita ce jar ƙwallon roba. Kamfanoni irin su Voit na Kalifoniya ne suka yawaita ƙwallayen roba da ake hura wa iska, makarantu kuma suka rungume su saboda arha da jure wahala. Wadda aka fi sani faɗinta inci takwas da rabi ne, jikinta da ƙananan zane-zane masu kaushi don kada ta suɓuce daga hannu. Idan ƙafa ta same ta daidai a ciki, tana yin wata ƙara, tim, mai ɗan amo a bayanta, wadda Ba'amurken da ya yi firamare zai gane ko da idonsa a rufe. Ba ta da nauyi, saboda haka iska tana wasa da ita. Yaron da ke can ƙarshen fili zai buɗe hannuwa yana jiranta, ta zo ta daki ƙirjinsa ta yi tsalle ta fice, shi kuma ya bi ta da gudu yana jin ihun 'yan ƙungiyarsa a bayansa. Cafe ta sai an rungume ta da hannu biyu da ƙirji gaba ɗaya.

Laushin nan nata ya dawo da wata tsohuwar al'ada da besbol ya daɗe da yarwa. A farkon ƙarni na 19, a wasu sassan Amurka, jifan mai gudu da ƙwallo hanya ce halattacciya ta kashe shi. Dokokin da ƙungiyar Knickerbocker ta New York ta rubuta a 1845 suka hana, kuma hanin ne ya ba da damar a riƙa yin ƙwallo mai tauri. Da roba ta zo, jifa ya dawo. Tana da zafi a cinya ko a gadon baya, musamman ranar sanyi, tana barin jan tabo na ɗan lokaci, amma ba ta karya ƙashi. Kusan ko'ina dokar ɗaya ce: jifa daga kafaɗa zuwa ƙasa, wanda aka sama a kai bai mutu ba. Ga yara da yawa daɗin wasan duk yana nan, a wannan ɗan tsakanin, inda mai gudu ke gantsarewa yana kauce wa jifa, mai jifa kuma ya san in ya kuskure ƙwallon za ta wuce can nesa kowa ya kwasa zuwa gida.

Malamai ne suka haifi wasan, amma bai daɗe a hannunsu ba. Yara suka fita da shi daga darasin motsa jiki zuwa hutun shan iska, daga nan zuwa titin unguwa da bayan gida, inda babu usur babu littafi. Tasha ta ɗaya ta zama gindin bishiya, ta biyu murfin kwalbati, ta uku rigar sanyin wani da aka jefar a ƙasa. A nan ne, a ganina, wasan ya samu darajarsa ta gaske, domin duk abin da dokoki goma sha biyu ba su faɗa ba, yaran ne suka cike shi da bakinsu.

Dubi yadda ake gangarowa. A besbol mai jifa abokin gaba ne, burinsa kada ka taɓa ƙwallon. A filin firamare kuwa sau da yawa sai mai gangarowa ya tambayi mai bugu, "Yaya kake so?" Shi kuma ya ce, "A hankali, ban da tsalle," ko kuma gwanin da ke son ɗaga ta sama ya ce a ba shi mai ɗan tsalle-tsalle. Idan ba ta zo yadda yake so ba, ya tare ta da ƙafa ya mayar, a sake. Abokin hamayyarka ne yake tambayarka yadda zai sauƙaƙa maka ka ci shi, saboda kowa ya fahimci cewa in ba a buga ba babu wasa, masu tsaro ma tsayuwa kawai za su yi. Idan yara ba su da yawa, mutum huɗu-huɗu ne misali, kuma layin bugu ya zagayo kan wanda ke tsaye a tasha ta biyu, sai ya ɗaga murya ya ce, "Fatalwa a ta biyu!" ya koma gida ya buga. Kowa ya yarda akwai wani mai gudu da ba a gani a wurin, wanda ke matsawa gaba daidai da yadda mai bugu ya matsa, kuma in ya iso gida an ci. A wata unguwa wanda ya buga ƙwallo ta haye katangar maƙwabci gwarzo ne, a wata kuma ya mutu nan take, kuma shi zai je roƙo a ba shi. A inda babu isassun masu tsaro, sai a ce ƙwallo ta koma hannun mai gangarowa kafin ka isa tasha, ka mutu.

Sai gardama, wadda ba ta ƙarewa. "Na taɓa ka!" "Wallahi ba ka taɓa ni ba, rigata ce!" Babu alƙali. Kowa ya san in gardamar ta yi tsawo ƙararrawa za ta cinye lokacin, in kuma aka matsa wa wani ya yi fushi ya tafi, ƙungiya ta ragu. Saboda haka dole a nemo mafita: ko a saurari yaron da aka san ba ya ƙarya ko da a kan ƙungiyarsa ne, ko a ce wannan karon naku ne na gaba namu, ko a yanke da kalmar da ta fi kowace ƙarfi a filin, wato a sake. Masanin halayyar yara Jean Piaget, a littafin da ya fitar a 1932, ya zauna da yaran Switzerland suna wasan ƙananan duwatsun gilashi yana tambayarsu daga ina dokokin suka zo. Ya tarar ƙanana suna ɗaukar doka abu ne da aka gada, ba ya taɓuwa, manyansu kuwa sun gane cewa ana iya canza ta muddin kowa ya amince. Yaro ba ya koyon wannan daga allo. Sai ya tsaya a rana ana musu da shi, yana son ya ci, kuma yana son gobe a sake wasa da shi.

Amma wasan yana da tabonsa, kuma ba ƙarami ba ne. Kafin a fara sai an raba ƙungiya. Manyan gwanaye biyu su tsaya, sauran su jeru jikin bango, a riƙa kira ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa a filin ƙwallon unguwa ana "na ɗauki wane, na ɗauki wane" har layi ya ƙare saura shi kaɗai, ya san abin da ake ji. A Amurka maganar wanda aka zaɓa a ƙarshe a kikbol ta zama abin da manya ke faɗa idan suna ba da labarin ƙuruciyar da ba ta yi daɗi ba, kuma masu furfura suna tuna ranar da sunan wanda ya yi zaɓen. Bayan zaɓe kuma ga wani wulaƙancin: yaro marar ƙarfi ya zo bugu, sai a ji wani daga masu tsaro ya ce kowa ya matso, duk fili ya taho gaba, tun bai taɓa ƙwallon ba an gaya masa matsayinsa.

A 1992 wani malamin jami'a a jihar Connecticut, Neil Williams, ya wallafa maƙala a mujallar malaman motsa jiki inda ya jera wasannin da yake ganin abin kunya ne a ci gaba da koyar da su. Kikbol na ciki. Hujjarsa ita ce yawancin yaran tsaye suke ko zaune suna jiran layi, mai bugu shi kaɗai ne a gaban idon kowa in ya kuskure a yi masa dariya, sannan ana ba ƙarfafa izinin jifan raunana. Duk wanda ya kalli aji guda na yara talatin da ƙwallo ɗaya ya san akwai gaskiya a nan. Idan manufar darasi ita ce zuciya ta buga jiki ya yi gumi, kikbol ba ya biya. Yaro na iya shafe rabin sa'a a ƙarshen fili yana tsinkar ciyawa.

Inda na rabu da masu wannan ra'ayi shi ne idan aka ɗauki hukuncin darasi aka ɗora wa wasan da yara ke yi da kansu. Jiran layin da ake kira ɓata lokaci, a cikinsa ake shirya wa zai bi wa, ake ba ƙarami shawara ya buga ta gefen tasha ta uku inda mai tsaron ba ya cafewa, ake lallashin wanda ya mutu. Ciwon zaɓe kuwa yana da magani mai sauƙi, kuma malamai da yawa sun daɗe da gano shi: a ƙirga ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ko a raba bisa watan haihuwa, ko a kafa fili biyu ƙanana maimakon babba ɗaya. Wasu sun koma wa dokar shekarun 1920, kowa sai ya buga kafin a yi musanya. Ba sai an kashe wasa ba don a hana cin fuska.

Akwai kuma waɗanda wasan ya buɗe wa ƙofar da aka rufe musu. Gasar besbol ta yara da aka kafa a Pennsylvania a 1939 ba ta karɓi mata ba sai a 1974, bayan shari'ar wata yarinya, Maria Pepe, a jihar New Jersey. Kafin nan, a 1970, an kafa gasar kikbol ta 'yan mata zalla a yankin Corpus Christi na jihar Texas, mai suna Little Miss Kickball, kuma tana nan har yanzu. A Venezuela, ƙasar da besbol ya zama kamar addini ga maza, wata malama mai suna Charito Ramírez ta shigo da wasan a 1965, ya bunƙasa ya zama wasan mata na sosai, da ƙungiyoyi da hukumar ƙasa da gasa tsakanin jihohi. Wanda ya ga yadda matan can ke murɗa ƙwallo wajen gangarowa ba zai ce wasan yara ba ne. Yaran makaranta a Kanada, Japan da Koriya ta Kudu su ma suna yin sa. Ya taɓa taka ƙasar Afirka ma tun da wuri: ɗan jaridar yaƙi Ernie Pyle ya ba da labarin sojojin Amurka suna buga shi lokacin yaƙin Tunisiya, tsakanin 1942 da 1943.

A 1998 wasu abokai huɗu a birnin Washington suka kafa ƙungiyar kikbol ta manya, WAKA. Matasa ma'aikata da suka baro garuruwansu, ba su san kowa ba a babban birni, suka samu hanyar haɗuwa da yamma bayan tashi daga aiki, maza da mata a ƙungiya ɗaya, da ƙwallo mai faɗin inci goma. Abin ya bazu zuwa birane da dama, har ana gasar ƙarshe a Las Vegas. Dalilin da ya sa malamai suka zaɓe shi a 1917 shi ne ya sa manya suka koma masa: ba a buƙatar gwaninta kafin a shiga. Sai dai da kuɗin rajista da alƙalai da littafin dokoki suka shigo, hali ya canza. A 2006 WAKA ta kai wata ƙungiyar hamayya ta Washington kotu, tana zarginta da kwafe mata dokoki, tana neman diyyar fiye da dala 350,000. An sasanta a 2008. Mutane da yawa sun ji abin banbaraƙwai, kuma ina tare da su, domin dokokin da ake taƙaddama a kansu miliyoyin yara ne suka goge su a kan kwalta shekara da shekaru ba tare da kowa ya biya su ba.

A daidai lokacin da manya ke biyan kuɗi su buga, su kuma yaran lokacinsu ake yankewa. Bayan dokar ilimi ta tarayya da aka sa wa hannu a farkon 2002, wadda ta ɗaure makomar makarantu da sakamakon jarrabawar lissafi da karatu, gundumomi da dama suka rage hutun shan iska don a ƙara zaman aji. Hana yaro fita hutu kuma ya zama horo na yau da kullum, kuma yaron da ya kasa zama wuri ɗaya, wanda ya fi kowa buƙatar gudu, shi aka fi hanawa. A 2013 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya cewa hutun wajibi ne ga lafiya da karatu, kuma bai kamata a hana shi don horo ba. Hukumar kula da cututtuka ta ƙasar tana ba da shawarar aƙalla minti 20 a rana. A Florida iyaye mata ne suka yi ta sintiri a majalisar jiha har aka yi doka a 2017 da ta tilasta minti 20 a makarantun firamare na gwamnati, Kalifoniya kuma ta yi tata a 2023, minti 30. Kikbol yana cikin wasannin da ƙarancin lokaci ya fi cutarwa, saboda kafin a fito, a ɗauko ƙwallo, a raba ƙungiya, a daidaita inda tasha ta biyu take, an ci wani kaso na hutun, kuma a fili mai yara da yawa minti 20 ba kullum yake isa layi ya kai kan na ƙarshe ba.